Yadda Ake Zaɓar Kayan Adon Yumɓu na Ƙasar Ayislan Don Kyautar Kirsimeti

Duk wanda ya bi titin Laugavegur ko na Skólavörðustígur a Reykjavík, babban birnin Ayislan, cikin watan Disamba zai tarar da kantuna maƙare da ƙananan kayan ado na yumɓu, kama daga taurari da ƙararrawa da tsuntsaye har zuwa 'yan gidaje masu tagogi da ake kunna kyandir a cikinsu. A ido kusan duk kamarsu ɗaya, amma asalinsu ya sha bamban. Wasu hannun maginin da ke zaune a ƙasar ne ya gina su, ya shanya, ya gasa, wasu kuwa an zubo su ne dubbai a wata masana'anta da ke can wata ƙasa, aka manna musu tutar Ayislan, aka loda su a jirgin ruwa. Mutanen birnin ma suna da sunan zolaya da suke kiran kantunan tsarabar baƙi da shi, wato lundabúðir, saboda yawan hoton lundi, wani tsuntsun teku mai baki mai launi, da ake jerawa a cikinsu. Wanda yake son ya yi kyauta da aikin hannu na gaske dole ne ya iya bambance waɗannan kaya biyu, sannan ya san lokacin saye, da wanda zai bai wa, da yadda kayan zai isa hannun mai shi ba tare da ya fashe ba.

Fara da sanin lokaci

Kirsimetin Ayislan, wanda suke kira jól, yana da tsarin kwanaki da ya kamata mai saye ya riƙe, domin shi ne zai gaya masa ranar da kyautarsa za ta yi amfani. Ana fara ƙawata gidaje tun daga Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti. Ranar 23 ga Disamba, wadda ake kira Þorláksmessa, kantunan tsakiyar birni kan kai dare a buɗe, kuma ita ce ranar da masu jinkiri ke rububin sayayya. Bikin kansa yana shiga da ƙarfe shida na yammacin 24 ga wata, lokacin da ake kaɗa ƙararrawar coci, kuma a wannan daren ne, bayan an ci abinci, ake buɗe kyaututtuka. Ana rufe bikin ranar 6 ga Janairu. Ke nan idan wanda za ka bai wa ɗan ƙasar ne, kyautar da ta iso ranar 25 ta makara. Ni a ganina ma, abin adon da za a rataya ko a kunna wa kyandir ya fi dacewa a miƙa shi tun farkon Disamba, don mai shi ya more shi makonni, maimakon ya buɗe shi a daren biki ya mayar cikin kwali bayan kwana goma sha uku.

Idan kuwa so kake a gina maka wani abu na musamman, mai ɗauke da suna ko shekara, to ka tuntuɓi maginin tun watan Oktoba. Yumɓu ba ya son gaggawa. Bayan an gina shi sai ya bushe a hankali, abin da kan ɗauki mako guda ko fiye, don idan aka matsa masa zai lanƙwashe ko ya tsage. Daga nan a yi masa gashin farko, a shafa masa ruwan ƙyalli, a mayar da shi tanderu a karo na biyu, kuma kowane gashi sai an jira tanderun ya huce kafin a buɗe. Ƙari a kan haka, magini ba ya kunna tanderu saboda abu guda, sai ya tara abin da zai cika shi. Wanda ya zo a tsakiyar Disamba yana neman aikin musamman zai koma ne da abin da ya rage a kan kanta.

Abin da ya sa yumɓun ƙasar ya fita daban

Ginin yumɓu ba tsohuwar sana'a ba ce a Ayislan. Ƙarnuka da yawa mutanen ƙasar da katako da ƙaho da ulu suke aikin hannu, tangaran kuwa daga waje ake kawo shi. Wanda ya buɗe hanya shi ne Guðmundur Einarsson, wanda aka fi sani da Guðmundur na Miðdal, wanda ya yi karatu a birnin Munich na Jamus, ya dawo gida ya kafa ɗakin aikin Listvinahúsið a 1927. Ya yi amfani da yumɓun ƙasar, kuma siffofin hankaka da shaho da sauran tsuntsaye da ya yi sun shiga gidaje da dama, har yau ana nemansu. A 1958 aka kafa kamfanin Glit, wanda mai sassaƙa Ragnar Kjartansson yana cikin waɗanda suka assasa shi, kuma shi ne ya shahara da haɗa gutsattsarin sandararren aman dutse da ruwan ƙyalli, har kaskon ya fito da baki mai kaushi, ƙyalli mai launi yana gangarowa ta tsakaninsa. Maginan ƙasar sun kafa ƙungiyarsu, Leirlistafélag Íslands, a 1981. Mai son ya saba wa idonsa da waɗannan tsofaffin ayyuka kafin ya fitar da kuɗi zai iya ziyartar gidan adana kayan zane da ƙira, Hönnunarsafn Íslands, da ke garin Garðabær kusa da babban birnin.

Akwai wani batu da ke ruɗar baƙi. Yawancin maginan Ayislan a yau da yumɓun da aka shigo da shi daga waje suke aiki, kuma wannan ba algus ba ne. Tsibirin sabuwar ƙasa ce idan aka auna shekarun duwatsunta, aman wuta ne ya haife ta, don haka yumɓunta yana da ƙarfe da yawa, yana fita da launin ƙasa mai duhu, yana da wuyar sarrafawa, kuma farin tangaran ba ya samuwa daga gare shi. Inda aka fi samun yumɓu mai amfani shi ne yankin Dalir a yammacin ƙasar, wajen Búðardalur da Fagridalur, kuma a garin Stykkishólmur akwai ɗakin aiki mai suna Leir 7 da ya yi suna wajen gini da yumɓun Fagridalur. Saboda haka idan mai sayarwa ya ce maka kayansa aikin hannu ne na Ayislan, abin da yake nufi galibi shi ne a nan aka gina aka gasa. Idan kana son har ƙasar da aka gina da ita ta zama ta tsibirin, sai ka faɗa a fili, ka kuma yarda cewa abin da za ka samu mai duhu ne, ba fari mai sheƙi ba. Wasu maginan suna bin tsakiya: jikin kayan na yumɓun waje ne, amma suna barbaɗa tokar dutse mai aman wuta ko baƙin yashi a cikinsa ko a cikin ruwan ƙyallin, sai ya fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ka tambayi daga wane dutse aka samo tokar. Maginin da ya ɗebo da kansa zai ba ka amsa nan take, ko Hekla ce ko Eyjafjallajökull da ya yi aman da ya tsayar da jiragen saman Turai a 2010, kuma wannan amsar ita ce rabin abin da za ka rubuta wa wanda za ka bai wa.

Ta fuskar gashi, kayan sun kasu uku, kuma sunayensu kan fito a kan takardar farashi. Jarðleir shi ne wanda aka gasa a zafi mai sauƙi, wajen digiri 1,000 zuwa 1,150 a ma'aunin salshiyas. Yana karɓar launuka masu haske, amma yana shan ruwa, bakinsa kuma yana saurin ɓantarewa. Steinleir ana kai shi digiri 1,200 zuwa 1,300, har ya yi tauri ya daina shan ruwa, shi ya sa ya fi jure tafiya da hannun yara. Postulín shi ne farin tangaran, wanda ake iya yin sa siriri ƙwarai har haske ya ratsa shi. Ga abin ratayawa a bishiyar Kirsimeti, farin tangaran ya fi, saboda rashin nauyi. Ga abin da zai zauna a kan tebur ko a bakin taga shekara da shekaru, steinleir nake ba da shawara.

Gwajin hannu a cikin kanti

Abu na farko da za ka yi da duk kayan da ya burge ka shi ne ka nemi izini, ka ɗauke shi da hannu biyu, ka kife shi. Gindin kaya ya fi fuskarsa faɗin gaskiya. Magini yakan bar gindin babu ƙyalli don kada ya manne da faifan tanderu, kuma a nan za ka ga ainihin launin yumɓun, ka ga sa hannu ko tambarin da aka danna tun yumɓun yana ɗanye, sau da yawa tare da shekara ko sunan ƙasar, Ísland. Alamar da aka danna a jikin yumɓu ba ta gogewa, ita kuwa 'yar takardar da aka manna kowa na iya manna ta. Ka karanta rubutun kwali da natsuwa, domin akwai tazara mai nisa tsakanin abin da aka ce an tsara shi a Ayislan da wanda aka ce an yi shi a Ayislan. Na farkon yana iya zama kyakkyawan kaya, amma zane ne kawai aka yi a ƙasar, ƙirar kuwa a waje aka yi ta. Kalmar handgert ita ce ke nuna aikin hannu, amma ko da ka gan ta, ka tambayi sunan maginin da inda ɗakin aikinsa yake. Mai kantin da ke hulɗa da magina ba ya inda-inda a kan wannan tambaya.

Bayan haka ka jera guda uku ko huɗu masu siffa ɗaya ka dube su tare. A aikin hannu za ka ga ƙyallin ya taru ya yi duhu a wani lungu, ya yi shara-shara a kan wani tudu. Za ka ga bakin wannan tsuntsun ya ɗan karkata, idon wancan ya ɗan fi girma. A cikin abin da aka gina a kan faifai mai juyawa za ka ji zoben yatsu idan ka shafa. Idan guda ashirin sun fito kamar an tsaga kara, har ɗigon fenti a wuri ɗaya, to inji ne. Sai dai kada ka yi saurin yanke hukunci idan ka ga siririn layi a gefen kaya, alamar inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Magina da yawa, musamman masu aiki da farin tangaran, su ne suke sassaƙa siffar farko, su haɗa mazubin filasta, su zuba ruwan yumɓu, su goge kowane guda da hannu, su yi masa ado. Wannan ma aikin hannu ne, kuma ta wannan hanya ce ake samun siraran ƙararrawa da ƙwallayen da bishiya za ta iya ɗauka.

Daga nan sai gwajin lafiyar kayan. Ka riƙe shi sama-sama da yatsu biyu, ka ɗan ƙwanƙwasa da farce. Wanda ya gasu sosai kuma babu tsaga a jikinsa zai yi ƙara mai tsawo, wanda ke da ɓoyayyar tsaga kuwa sautinsa a dakushe yake fita. Ka shafa gindinsa da tafin hannu, domin gindi mai kaushi zai karce tebur, kuma magini mai kula yakan goge shi kafin ya sayar. Idan abin ratayawa ne, ka duba ramin da zare ke shiga: kada ya kusanci baki sosai, kada ƙyalli ya toshe shi, kada kuma gefensa ya yi kaifin da zai cinye zaren a hankali. Ka ɗaga shi ta zaren ka ga ko yana rataya a miƙe. Kaurin milimita 3 zuwa 5 ya isa ga tauraro ko faifan ado, abin da ya wuce haka zai rinjayi reshe ya sunkuyar da shi.

Mazaunin kyandir yana buƙatar ƙarin kulawa, kuma shi ne kayan da na fi ganin ya dace da ƙasar. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce kimanin awa huɗu a sararin Reykjavík, tana fitowa bayan ƙarfe sha ɗaya ta faɗi wajen uku da rabi, shi ya sa kusan kowace taga take da haske. Idan na farin tangaran ne, ka kunna fitilar wayarka ka sa a ciki, sai ka ga zanen da aka tona a jikinsa ya bayyana, ka kuma ga ko kaurin bangon ya daidaita. Idan ɗan gida ne mai rufi, ka tabbatar yana da hanyar fitar zafi a sama da wurin shigar iska a ƙasa, kuma tsakanin harshen wuta da rufin akwai sarari, in ba haka ba kyandir zai riƙa mutuwa ko rufin ya yi baƙi ya tsage. Ka gwada ka ga ko hannu na iya saka kyandir ya fitar da shi cikin sauƙi.

Wace siffa, kuma don wa

Siffofin da suka fi ɗauke da labarin ƙasar su ne na samarin Kirsimeti goma sha uku, jólasveinar, 'ya'yan dodanniya Grýla da mijinta Leppalúði. A tatsuniyar, suna saukowa daga duwatsu ɗaya bayan ɗaya tun daga 12 ga Disamba har zuwa 24, yara kuma suna ajiye takalmi a bakin taga, mai ladabi ya wayi gari da 'yar kyauta, mai ƙiriniya ya tarar da ruɓaɓɓen dankali. Kowannensu da halinsa: Stekkjastaur mai damun tumaki, Stúfur gajere, Þvörusleikir mai lasar ludayi, Hurðaskellir mai buga ƙofa da dare, Gluggagægir mai leƙen taga, da na ƙarshensu Kertasníkir mai kwaɗayin kyandir. Jerin sunayen da aka tsaya a kai yau ya kafu ne da waƙar da Jóhannes úr Kötlum ya wallafa a 1932. Amfanin wannan ga mai kyauta shi ne yana iya zaɓar wanda halinsa ya yi kama da na abokinsa, abin ya zama raha. Sayen duka sha ukun na aikin hannu yana da tsada, don haka wasu kan sayi ɗaya kowace shekara, amma kafin ka ɗaura wa kanka wannan ka tambayi maginin ko zai ci gaba da yin su da girma ɗaya da launi ɗaya.

Grýla kanta da baƙar kyanwarta, Jólakötturinn, wadda aka ce tana cinye duk wanda bai sami sabon tufa ba kafin biki, sai an san wanda za a bai wa. Maginan ƙasar ba sa rage musu muni, kuma a da tsoron da suke jefa wa yara ya kai har aka yi doka a 1746 da ta hana iyaye tsoratar da 'ya'yansu da irin waɗannan dodanni. Babban mutum mai son tatsuniya zai yi murna da su, gidan da ke da ƙananan yara kuwa gara a kai musu tauraro.

Game da tsuntsaye, lundi ya cika ko'ina saboda baƙi suna son sa, amma tsuntsun bazara ne, tun wajen watan Agusta yake barin gaɓa ya koma teku, ba ruwansa da Kirsimeti. Wanda ya dace da lokacin shi ne rjúpa, tsuntsu mai kama da makwarwa da ke rikiɗa ya zama fari fat a hunturu, kuma gidaje da yawa namansa suke ci a daren biki, ko kuma baƙin hankaka, wanda yake zama a ƙasar duk tsawon sanyi. Akwai kuma zanen laufabrauð, siririn burodin da iyalai ke taruwa su yanka masa ado kafin su soya, al'adar da ta samo asali daga arewacin ƙasar. Zanensa yana zama daram a kan farin faifan tangaran. Gidajen da aka rufe da ciyawa irin na tsohon gidan gona na Glaumbær da ke arewacin ƙasar, da tumaki, da dawakan ƙasar, da zanen wuyan rigar ulu ta lopapeysa, duk ana samun su. Ga wanda ba ya bikin Kirsimeti amma kana son ka tuna da shi, ɗan kasko ko mazaunin kyandir mai tokar dutse ya wadatar, kuma zai yi amfani duk shekara.

Inda ake saye da yadda ake biya

A Reykjavík akwai kantunan da magina da sauran masu sana'a suka haɗa kai suke gudanarwa, suna karɓa-karɓar tsaron kanti, irin su Kirsuberjatréð a titin Vesturgata, kuma a irin waɗannan wurare mai yiwuwa wadda ta miƙa maka kayan ita ce ta gina shi. A ƙarshen mako cikin kwanakin jiran Kirsimeti ana cin kasuwar biki a tsakiyar garin Hafnarfjörður, da kuma wata a dajin Heiðmörk kusa da tafkin Elliðavatn, inda ake sayar da bishiyoyi da aikin hannu. Cibiyar Handverk og hönnun ta sha shirya baje koli a zauren hukumar birnin Reykjavík, sai dai ka duba ranakun shekarar da kake ciki kafin ka shirya tafiya. A arewa, kusa da Akureyri, akwai gidan kayan Kirsimeti na Jólagarðurinn da ke buɗe duk shekara, amma kayansa gauraye ne da na waje, don haka can ma sai an kife kaya an duba. Mai neman tsofaffin ayyukan Glit ko Listvinahúsið ya leƙa kasuwar gwanjo ta Kolaportið da ke ci Asabar da Lahadi a bakin tashar jiragen ruwa. Tsohon kaya dai a ɗauke shi a matsayin ado kawai, kada a ci abinci a ciki, domin a da ana yawan sa dalma a ruwan ƙyalli.

Kuɗin ƙasar shi ne króna, amma kusan ko'ina da kati ake biya, har a rumfunan kasuwa. Taya kaya ba al'adarsu ba ce, kuma neman ragi a wurin maginin da ya kwashe makonni a kan aiki zai iya zama rashin ladabi. Aikin hannu a ƙasa mai tsadar rayuwa ba ya araha, don haka idan farashi ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ka sake duba gindin. Harajin kaya, wanda za ka ga an taƙaita shi da VSK a kan rasit, kashi 24 cikin ɗari ne a kan yawancin kaya, kuma baƙon da ba mazaunin ƙasar ba yana iya karɓar wani ɓangare nasa idan sayayyarsa a kanti ɗaya ta kai adadin da aka ƙayyade. Ka nemi fom ɗin mayar da harajin a wurin biya, ka haɗa shi da rasit, ka gabatar a filin jirgin sama na Keflavík kafin ka miƙa jakunkunanka, don ana iya cewa ka nuna kayan. Ba kowane mai rumfa ne yake cikin wannan tsari ba.

Ƙunshewa da aikawa

Yawancin asarar da ake yi a hanya take faruwa, kuma dalilinta guda ne, wato motsi a cikin kwali. Ka fara naɗe kowane guda shi kaɗai da takarda mai laushi, ka cusa takarda a cikin duk wani rami, ka ba baki da fiffike da wutsiya naɗi na musamman, sannan ka bi da leda mai kumburin iska. Kada abu biyu su taɓa juna, kuma kaya mai gutsattsarin dutse a ware shi nesa da farin tangaran, domin kaushinsa yana karce ƙyalli. Murfi a naɗe shi daban. Faifai da taurari a tsayar da su a kan gefensu da kwali a tsakani, kada a kwantar da su a jibga. Idan da kanka za ka tafi da su, ka sa su a jakar hannu, a tsakiyar tufafi, kuma safar ulu mai kauri tana riƙe ƙaramin tsuntsu da kyau. Idan ta gidan waya ne, ka sa ƙaramin kwalin a cikin babba, da abin cushe mai kaurin santimita 5 ta kowane gefe, ka rufe, ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji wani abu ya motsa, buɗe ka ƙara cushe.

Hukumar gidan waya ta ƙasar, Pósturinn, takan sanar da ranakun ƙarshe na aika kaya zuwa waje kowace shekara, kuma na ƙasashe masu nisa sukan faɗo da wuri, don haka ka duba tun Nuwamba. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, ke nan kunshin da ya fita daga cikinta sai ya bi ta kwastan, kuma ana iya neman wanda aka aika wa ya biya haraji kafin a ba shi. Ka rubuta gaskiyar abin da ke ciki da ƙimarsa, ka sa inshora idan kayan mai tsada ne, ka kuma sanar da mai karɓa don kada kyauta ta zo masa da takardar biya ba zato. Idan daga nesa kake saye ta intanet, ka nemi a turo maka hoton ainihin gudan da za a aiko, har da na gindinsa da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, ka kuma ji abin da maginin zai yi idan kayan ya iso a fashe.

A cikin kunshin ka saka 'yar takarda mai ɗauke da sunan maginin, da garinsa, da irin yumɓun, da labarin siffar a layi biyu ko uku, tare da yadda ake kula da kayan. Kunshin da ya kwana a sanyi a bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki kafin a kunna masa kyandir, saboda sauyin zafi na farat ɗaya yana tsaga yumɓu. Jarðleir kada a bar shi a waje inda ruwa ke daskarewa, domin ruwan da ya sha zai kumbura ya fasa shi. Kaya mai zanen zinariya ko mai gutsattsarin dutse da hannu ake wanke shi, ko a kakkaɓe shi da buroshi mai laushi, ba a sa shi a injin wanke kwanuka. Kakin kyandir da ya daskare ana jiƙa shi da ruwan ɗumi ya saki, ba a kankare shi da wuƙa. A gidan da ke da kyanwa ko yaro mai rarrafe, a rataya kayan a rassan sama, a ɗaure zaren a jikin reshen. Idan kuma tsautsayi ya sa fiffike ya karye, a tattara gutsattsarin a busasshen wuri, a gwada haɗa su babu gam a ga yadda suka zauna, sannan a shafa gam mai ƙarfi kaɗan a gefe ɗaya, a riƙe da salatif har ya kama. Abin da aka liƙa zai ci gaba da zama ado, amma kada a sake kunna wuta ko zuba abinci a cikinsa.